Birkin Zamani A Tsohuwar Mota: Ina Laifin Fitilar Da Ake Kashewa?

Duk ranar Juma'a, idan aka sallame salla a masallacin Gwallaga da ke cikin birnin Bauchi, akan ɗauki lokaci kafin hanya ta sarara, saboda yawan motocin da aka jera gefe da gefe. Wanda ya san kan mota, in ya bi su da kallo, zai iske mafi yawansu ba yara ba ne. Ga Golf da Vectra, ga Peugeot 406, ga Honda da Camry da Corolla iri iri, ga Sharan wadda direbobinmu suka maida Sharon. Waɗansu sun ba shekara 20 baya, waɗansu ma sun doshi 30. Kusan dukkansu sun gama wata rayuwa a Turai ko Amurka kafin jirgin ruwa ya sauke su a Ikko ko Kwatano. To, da za a ce kowane mai mota ya murɗa makulli a leƙa allon da ke bayan sitiyarinsa, da an ga abin da ya sa muka ɗauko wannan magana. Akwai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai haruffa uku, ABS, wadda a waɗansu motocin take kunne dare da rana ba ta mutuwa, a waɗansu kuwa ba ta kamawa ko kaɗan, domin tuni aka zare mata ƙwai.

Idan mai mota ya yi ƙorafi a gareji, amsar da ya fi samu ita ce, "Alhaji, ai wannan wutar ba ta hana tafiya." Gaskiya ne, ba ta hana tafiya. Abin tambaya shi ne ko tana da wani abin faɗi game da tsayawa, domin a harkar mota tsayawar ce take raba mai isa gida da wanda za a je yi wa iyalinsa jaje.

ASALIN ABIN

Tun da aka fara ƙera abin hawa mai gudu masana suka lura cewa taya idan ta cije, watau ta daina juyawa alhali motar na tafe, ta zama kamar buhun gero da ake ja a ƙasa. Tayar da ke juyawa tana bin inda sitiyari ya nuna mata, amma wadda ta cije babu ruwanta da sitiyari. In tayoyin gaba ne suka cije, direba ya murɗa dama ya murɗa hagu, motar sai ta miƙe sak zuwa ga abin da yake gudu. In kuwa na baya ne, abin ya fi muni, gama bayan motar zai zagayo ya nemi zama gaba. An auna an ga cewa taya ta fi riƙe ƙasa a daidai gaɓar da take gab da cijewa amma ba ta cije ba, watau sa'ad da juyawarta ta gaza gudun motar da kamar kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Ƙafar ɗan Adam kuwa, musamman wadda tsoro ya kama, ba ta iya tsayawa a wannan gaɓa.

Masu jiragen sama na cikin waɗanda suka fara neman magani, domin jirgi in ya sauka da gudu tayarsa ta cije, fashewa take yi. A farkon shekarun 1950 kamfanin Dunlop na Ingila ya fito da wata na'ura mai suna Maxaret, wadda ke sassauta birki da kanta idan taya za ta tsaya. Cikin 1966 aka ɗora irinta a wata motar 'yan gayu ta Ingila, Jensen FF, wadda 'yan ɗaruruwa kaɗai aka ƙera. A Amurka, kamfanin Chrysler ya sa nasa samfurin mai aiki da lantarki a motar Imperial cikin 1971. Amma wanda ya zauna da gindinsa, har duniya ta bi, shi ne na kamfanin Bosch na Jamus, wanda Mercedes-Benz ta fara sayar da manyan motocinta da shi cikin 1978. Haruffan nan uku taƙaitawa ce ta sunansa a bakin Jamusawa da Turawan Ingila, ma'anarsa kuwa tsarin hana birki cije taya. Cikin 1985 Ford ta sa shi a kowace Scorpio da ta ƙera a Turai, daga 2004 kuma masu ƙera motoci na Turai suka daina fitar da ƙaramar mota sabuwa babu shi.

A daidai lokacin da ake wannan fafutuka a Jamus, mu nan muna murnar Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna cikin 1975, ga kuma masana'antar Steyr ta manyan motoci da taraktoci da aka kafa a Bauchi a ƙarshen shekarun 1970. Manyan makanikanmu, waɗanda yaransu ne ke riƙe da garejojin yau, a kan 504 suka koyi birki, ita kuwa ba ta da komai sai famfo da bututu da mai. Bayan darajar naira ta karye daga 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai gwanjon Turai ya cika ƙasa. Ta haka birkin ABS ya shigo mana, ba sallama, ba malami, ba littafi. Saboda haka kafin a ɗora wa bakanike laifin duka, ya kamata a tuna cewa ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa yadda abin yake.

YADDA YAKE AIKI

Abin ba shi da wuyar ganewa in an bi shi sannu. A jikin kowace ƙafa ta mota akwai wani zoben ƙarfe mai haƙora kamar zarto, yawanci tsakanin 40 da 50, wanda ke juyawa tare da taya. A tayoyin gaba galibi yana kan shaf ne, a na baya kuwa yana jikin gidan boris. Dab da wannan zobe, tazarar da ba ta wuce milimita ɗaya ba, aka ɗaure wani ɗan abu kamar yatsa, wanda makanikai ke kira sensa. A tsofaffin motoci abin da ke cikinsa maganaɗisu ne da siririyar waya da aka nannaɗe. Duk haƙorin da ya gifta ta gabansa sai ya haifar da ɗan motsin lantarki, wanda ke bin waya har zuwa ƙwaƙwalwar birki. Da ƙidayar waɗannan haƙora ƙwaƙwalwar ke sanin gudun kowace taya ita kaɗai, ta kuma gwama ta da 'yan uwanta uku.

Idan direba ya danne birki da ƙarfi, ƙwaƙwalwar ta ga wata taya na neman tsayawa alhali sauran na gudu, sai ta ba da umarni ga wani akwatin ƙarfe da ke cikin gidan inji, wanda bututun birki ke shiga suna fita. A cikinsa akwai ƙananan ƙofofi na mai da ɗan famfo mai aiki da lantarki. Da farko a tsare man kada ya ƙaru, in bai isa ba a rage shi, taya na farfaɗowa a sake matsa ta. Wannan kama da saki yakan kai sau goma ko fiye a cikin daƙiƙa guda, shi ne kuma gurnani da karkarwar da direba ke ji a tafin ƙafarsa.

Abu guda da ya wajaba mai karatu ya riƙe shi ne, ƙwaƙwalwar nan makauniya ce, sensa su ne 'yan jagoranta. In ɗaya ya yi shiru, ko ya riƙa kawo mata labarin da bai yi daidai da na sauran ba, ba ta yin caca da rai. Sai ta janye hannunta daga aikin gaba ɗaya, ta kunna fitilar nan don a sani. Birkin gargajiya yana nan, zai kama, amma taya za ta iya cijewa kamar a 504. Wannan shi ne ma'anar fitilar da ta ƙi mutuwa.

INDA CIWON YA FI FITOWA

A tsohuwar mota, in fitilar ta kama, wuya ne a ce ƙwaƙwalwar ce ta mutu. Mafi yawan lokaci ciwon yana can ƙasa, inda ruwa da laka da duwatsu ke dukan kaya. Sensa maganaɗisu ne, saboda haka duk garin ƙarfen da birki ke zubarwa yana manne masa a baki. A ƙara da ƙurar hunturu da jar lakar damina ta lungunan da ba kwalta, sai a iske bakinsa ya toshe har ba ya jin haƙoran da kyau. Irin wannan, cirewa da gogewa da tsumma ya isa, ko kwabo ba za a kashe a kayan gyara ba.

Na biyu ita ce waya. Wayar sensa ta gaba tana lanƙwasa duk sa'ad da aka murɗa sitiyari ko taya ta faɗa rami, shekara 20 kuwa ba kwana 20 ba ce. Takan karye daga ciki alhali robar waje lafiya lau, shi ya sa wani zai ce fitilarsa takan kama in ya sha kwana ko ya hau tudun rage gudu, ta kuma mutu in ya kashe mota ya sake tayarwa. Sau da yawa ma yaron gareji ne ya canja shokozoba, ya manta bai maida wayar cikin maƙalinta ba, taya ta yi ta gogarta har ta cinye. Ɓeraye kuma ba a bar su a baya ba, ga motar da ta daɗe a ajiye kusa da rumbu.

Na uku, wanda a ganinmu ya fi kowanne yawa a garuruwanmu, shi ne canjin shaf. Ramukan hanya suna yaga robar shaf, yashi ya shiga, ta fara ƙara a kwana, sai a aika kasuwa a sayo wata. Mota iri ɗaya kuwa takan zo kashi biyu daga masana'anta, mai ABS da marar shi, shaf ɗinsu kuma tsawo ɗaya, kauri ɗaya, sai dai ɗaya na da zoben haƙora ɗaya babu. Mai shago ya miƙo marar zobe don ta fi arha, bakanike ya ɗaura ta zauna daram, mota ta tashi, fitila ta kama. Wani lokaci zoben na nan amma lissafin haƙoran ya saɓa. A ce motar na son 48 aka sa mata mai 44: ƙwaƙwalwar za ta riƙa ganin wannan taya kullum tana bayan 'yan uwanta da wajen kashi 8 cikin 100, kamar dai tana shirin cijewa. Da za a ɗauki tsohuwar shaf a je da ita kasuwa, a ƙirga haƙora a gaban mai shago, ko a Bauchi ne ko a Kofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, da rabin waɗannan fitilu ba su kama ba. Aikin minti biyu ne.

Boris ma haka. In ya ci, taya takan yi lilo, tazarar da ke tsakanin zobe da sensa ta riƙa buɗewa tana rufewa. Daɗin daɗawa, daga ƙarshen shekarun 1990 masu ƙera motoci suka fara barin zoben haƙora, suka koma saka maganaɗisu a cikin robar da ke rufe fuska ɗaya ta boris. Ido ba ya rarrabe fuskokin biyu sai an lura. In aka buga shi a juye, ko aka yi masa dukan guduma irin na 504, ko aka sayo wanda ba shi da maganaɗisun sam, sensa ba zai ji komai ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a kusantar da ƙaramar allura ko ɗan siririn ƙarfe, fuskar da ta ja shi ita ce za ta dubi sensa.

Sai kuma taya. Saboda tsada, mai mota yakan sayi taya ɗaya ɗaya gwargwadon abin da ya samu wajen mai faci, ba tare da duba lambar da ke jikinta ba. Taya mai lamba 185/65 R15 da mai 205/65 R15 duk za su hau ƙafa ɗaya, amma ta biyun ta fi ta farkon girma da wajen kashi 4 cikin 100, don haka ba za su taɓa juyawa daidai ba. A waɗansu motocin wannan kaɗai ya isa ya rikita ƙwaƙwalwa a doguwar tafiya. Batir mai rauni, da caji marar ƙarfi, da fiyus ɗin da ya ƙone aka ɗaure shi da zaren waya, su ma suna kunna fitilar, kuma da su ya kamata a fara tun da dubansu ba ya cin kuɗi.

GADON ƘASAR SANYI

Akwai kuma ciwon da motar ta zo da shi daga gidan tsohon mai ita. A arewacin Turai da Amurka da Kanada akan watsa gishiri a kan titi lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke, gishirin nan kuwa yana cin ƙarfe. Tsatsa takan shiga ƙarƙashin zoben haƙora ta kumbura har ta tsaga shi, ko ta taru ƙarƙashin sensa ta ɗaga shi sama. Wannan shi ne ciwo mafi haɗari, domin sau da yawa fitila ba ta kamawa. Tsohon samfurin sensa ƙarfin saƙonsa yana bin gudun taya ne, in gudu ya ragu saƙon ya raunana. To idan tazara ta buɗe, sa'ad da mota ke gab da tsayawa saƙon sai ya ɓace, ƙwaƙwalwar ta ɗauka taya ta cije, ta saki birkin wannan ƙafa. Direba na tafe a hankali zai tsaya bayan keke napep, sai ya ji gurnani a ƙafarsa, motar ta ƙara gaba taku biyu ko uku. A cunkoso irin na bakin kasuwar Wunti ko Muda Lawal, taku biyun nan ƙafar mutum ce.

Ba ƙage ba ne. Cikin 2005 kamfanin General Motors ya kira dubban ɗaruruwan motocinsa masu buɗaɗɗen baya da manyan jif, ƙirar 1999 zuwa 2002, a jihohin Amurka masu zuba gishiri, saboda wannan ciwo daidai. Maganin da aka yi musu kuwa shi ne a cire sensa, a kankare tsatsar, a shafa abin hana ta dawowa, a mayar. Wanda motarsa ke wannan hali kada ya bari a ce masa ai haka ABS yake. Lafiyayyen ABS ba ya motsi a busasshiyar kwalta ga mai tsayawa a hankali.

Ita ƙwaƙwalwar ma takan gaza, ba a ce ba ta yi ba. A waɗansu motocin Jamus na ƙarshen shekarun 1990 an san ta da tsinkewar ƙananan haɗe haɗe na ciki saboda zafin inji da jijjiga, alamarta kuwa fitila ta kama in mota ta yi zafi, ta mutu da safe. A motoci da yawa kuma allurar gudu daga sensa take samun labari, shi ya sa wani lokaci sai a ga ta faɗi tare da kamawar fitilar, ko giya mai canja kanta ta fara fizga. Mai mota ya tafi wajen mai giya ya zubar da kuɗi, alhali wata 'yar waya ce a bayan taya.

MAGANIN DA YA FI CUTAR

Yanzu mu zo ga abin da ya fi damunmu. Hanyoyi biyu aka saba bi don a rabu da fitilar, kuma duk biyun ba gyara ba ne. Ta farko ita ce a buɗe allo a zare ƙwan, ko a liƙe shi da baƙin salatif. Masu wayo ma sukan haɗa wayarsa da ta fitilar man inji ko ta caji, yadda zai kama in an murɗa makulli ya mutu in inji ya tashi, mai saye ya ga kamar lafiya. Wannan ha'inci ne, ko dillali ya yi ko mai mota, domin an sayar wa mutum abin da yake zaton zai cece shi alhali babu shi.

Ta biyu ita ce wadda ake kira maida birki na gargajiya, watau a tumɓuke akwatin ABS ɗungurungum, a haɗa bututun kai tsaye. Mai mota yakan fito yana yabo, wai yanzu birki ya fi ci. Abin da bai sani ba shi ne, idan mota ta ci birki nauyinta gaba yake komawa, bayanta ya yi sakayau, saboda haka tilas man da ke zuwa tayoyin baya ya gaza na gaba. A 504 akwai wani ɗan bawul na ƙarfe da ke wannan rabo. A motoci da yawa na ƙarshen shekarun 1990 zuwa yau an cire wannan bawul, an miƙa aikin ga akwatin ABS ɗin kansa. Wanda ya tumɓuke akwatin bai sa komai a madadinsa ba, ya bar tayoyin baya suna karɓar mai daidai da na gaba, kuma su za su riga cijewa. A cikin gari, a gudun kilomita 30, ba za a ga komai ba. Ranar da za a gani ita ce ranar da aka gangaro Panshanu daga Jos da yayyafi a kan kwalta, ko saniya ta faɗo hanya tsakanin Alkaleri da Gombe. A nan ne bayan mota ke zagayowa, 'yan kallo su ce ta ƙwace wa direba, a rubuta gudu ya yi yawa, ba wanda zai buɗe gidan inji ya ga bututun da aka yi wa ɗori.

Shi ɗorin ma abin tsoro ne a kan kansa. Iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota ba ta wuce awon ba 2 da 'yan kai ba, amma man birki in an danne da ƙarfi yakan haura awo 100, watau ninki 50. Bututun da aka haɗa da walda ko aka ɗaure da robar da ba ta birki ba, yakan jure tafiyar yau da gobe, ya fashe a ranar da aka fi bukatarsa.

Don haka ne ma ya kamata a bambanta fitilu biyu. In ruwan ɗorawar kaɗai ta kama, ana iya lallaɓawa a kai mota gareji. In kuwa jar fitilar birki ta kama tare da ita, alhali an sauke birkin hannu, to ko mai ya ragu ko wannan rabon na gaba da baya ya tsaya, kuma motar ba ta hawa babbar hanya ba ce, balle a cika ta da fasinja zuwa Ningi ko Darazo. A Ingila motar da fitilar ABS ɗinta ke kunne ba ta cin jarrabawar lafiyar mota ta shekara shekara. Mu nan muna da jami'an duba lafiyar motoci, muna da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tun 1988, kuma leƙa allon mota ba ya bukatar wata na'ura. Da za a fara da motocin haya a tasha kafin su yi lodi, da an rage wani abu.

GYARAN GASKIYA

Bakaniken kirki ba ya fara da sayen kaya. Yakan jona na'urar binciken mota, ita ce za ta faɗi ƙafar da ke ciwo. Sai dai a sani, ƙananan na'urorin nan masu arha yawancinsu inji kaɗai suke karantawa, in sun ce babu laifi ba su wanke birki ba. Wadda ta dace takan nuna gudun tayoyi huɗu a jere ana tafe, duk wadda lambarta ta faɗi ko ta riƙa tsalle, ita ce. In babu na'ura, mitar masu gyaran waya ta isa ga tsohon samfurin sensa: a auna na dama a auna na hagu, yawanci tsakanin om 1,000 da 2,000, in ɗaya ya yi nisa da ɗan uwansa an kama ɓarawo. A kuma ɗaga motar a juya taya da hannu ana lanƙwasa wayar, a ga ko allura za ta yanke. Sabon samfurin kuwa, wanda ke karɓar wuta daga ƙwaƙwalwa, ba a auna shi haka, kuma ɗan ƙwan gwajin nan da masu waya ke tsikara ko'ina da shi yana iya ƙona shi.

Man birki shi ma yana da hakki. Yana shan danshi daga iska a hankali, ruwan kuma ya sa tsatsa a ƙananan ƙofofin akwatin, ya kuma rage juriyar man ga zafi. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai awo 230, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a 155, abin da doguwar gangara ke iya kaiwa. Masu ƙera motoci da yawa sun ce a zubar a sake duk shekara biyu. Man giya ko na inji kuwa, in ya shiga, kumbura robobin yake yi, ruwan sabulu da waɗansu ke zubawa a hanya kuma ba ma abin faɗi ba ne.

Wanda aka gyara wa nasa, saura ya koyi taka shi. Direban da ya tashi a 504 an koya masa ya riƙa famfa birki in taya za ta ja, wannan kuwa rikita ABS yake yi. Wani kuma yana jin karkarwar sai ya tsorata ya ɗage ƙafa, yana zaton wani abu ya karye. Ƙa'idar ita ce a danne da ƙarfi, a bar ƙafar a danne, a kauce da sitiyari. Yana da kyau mutum ya nemi fili marar jama'a ya gwada sau biyu ko uku don ƙafarsa ta saba. Kada kuma a ɗauka laya ce. A kan burji da yashi ABS yakan ƙara tsawon tsayawa, domin tayar da ta cije a nan tudu take tarawa a gabanta, abin da ya rage wa mutum shi ne ikon sitiyari. Mota mai gudun kilomita 100 a sa'a tana cin wajen mita 28 a kowace daƙiƙa, kuma in gudu ya ninka biyu tsawon tsayawa ninki huɗu yake yi, da ABS ko babu. An taɓa gwadawa da motocin tasi a birnin Munik na Jamus cikin shekarun 1980, aka iske masu ABS ba su fi sauran tsira daga haɗari ba, saboda sun dogara da shi sun ƙara gudu da matse na gaba.

Ga mai shirin sayen gwanjo kuwa, gwajin ba shi da tsawo. Ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da inji ba, ya zuba wa allo ido. Fitilar ABS ta gaskiya za ta kama, ta yi 'yan daƙiƙu, a yawancin motoci ta mutu da kanta ko inji bai tashi ba. In ba ta kama ba sam, an zare ƙwai. In ta tsaya kunne har sai inji ya tashi sa'an nan ta mutu a lokaci guda da ta man inji ko ta caji, to akwai abin bincike, a nemi mai na'ura kafin a yi ciniki. Daga nan ya buɗe gidan inji ya nemi akwatin nan mai bututu biyar ko shida da babbar mahaɗar waya a jikinsa, ya leƙa bayan kowace taya ya ga ko wayar sensa na nan ko guntunta ne ke reto. In dillali ya ce, "Ranka ya daɗe, ai duk haka suke zuwa," sai a ce masa a cire kuɗin gyaran daga farashi, a kai motar wurin gyara kafin a kai ta gida.